Tambayi Injiniya: "Lokacin IT ya zo ban samu wuri ba, ko in sayi hatimi kawai?"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka dosa, IT (wato horon aiki da ɗalibi ke fita yi a masana'anta ko kamfani) da neman aiki, da alama lokacin fita ne ya ƙarato a makarantu da yawa. Na zaɓi guda biyar, wanda bai ga nasa ba ya duba da kyau, da wuya ya rasa amsarsa a ciki. Kamar kullum mun cire sunaye.

TAMBAYA: Salam Baba Injiniya, dan Allah shawara nake nema. Ni ɗalibi ne ajin 400 ɓangaren lantarki, zamu fita IT ɗin da ake kira SIWES na wata shida nan da sati uku amma har yanzu ban samu wuri ba, na kai takarda manyan wurare, wasu ma a get aka karɓa akace za'a kirani, shiru kakeji, kuma ni banda kowa a sama. To wani abokina yace in daina wahalar da kaina, wai akwai mutumin da ake ba kuɗi kaɗan ya buga maka hatimi a logbuk yasa hannu, kai kuma kaje ka cigaba da harkarka, ni dama ina zaman shagon POS na yayana ina ɗan samu. Gaskiya zuciyata ta fara karkata tunda ance kowa haka yakeyi. Ya kake gani? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Kada ka saya. Tsoron kamu yana nan, domin makaranta kan turo malami ya zagayo ya duba ɗalibai a inda suka ce suna aiki, in yazo akace ba'a taɓa ganin fuskarka ba to kwas mai nauyi ka zubar. Amma abin da yafi damuna shine abin da zaka tarar nan da shekara biyu ko uku. Ka lissafa da kanka, shekara biyar kake a jami'a, in ka cire ɗan SWEP ɗin da kukayi a wokshop na makaranta da gajeren IT na baya, wannan wata shidan ne kaɗai zaka tsaya kusa da inji mai aiki a gaban wanda ya iya shi. Kana gamawa sai bautar ƙasa, kuma kowa ya sani injiniyoyinmu da yawa makarantar sakandare ake turasu koyar da lissafi. To ranar da ka zauna gaban masu intabiyu me zaka basu? Na sha zama a irin wannan teburin, bayan gaisuwa abin da ake fara tambayar sabon injiniya shine a ina kayi IT kuma me kayi a can. Wanda ya sayi hatimi yana iya haddace amsar farko, ta biyu ce take kayar dashi. Ace masa to wannan taransifomar da kace kun yiwa aiki, kafin ku taɓa ta me kuka fara yi? Sai kaga yaro ya kama kallon silin, ga sakamako mai kyau a takarda, wallahi abin yana ci min rai duk lokacin da na gani. Wanda yaje da gaske ko barci ka tashe shi zai ce maka sai an karɓi izinin aiki, an kashe layin, an kulle an rataya alama don kada wani ya kunna, an gwada an tabbatar babu wuta, sannan an ɗaura wayar ƙasa. Ba haddacewa yayi ba, yaga anyi ne har ya zauna masa.

Dama dalilin da yasa hukumar ITF mai kula da horon aiki a masana'antu ta fito da SIWES a 1973 kenan, masu masana'antu ne suke kukan cewa ɗaliban da ake yayewa sun san littafi amma basu san inji ba. Kaga in ka sayi hatimi kanka ka cuta kafin kowa, ga kuma ha'inci da ka ɗora a kan takardar da zaka ci abinci da ita tsawon rayuwarka.

Yanzu maganar wuri. Inaga ka nufi inda kowa ya nufa ne, ɗalibai daga jami'o'i da kwalejojin kimiyya duk suna tururuwa hedikwatar manyan kamfanoni saboda suna, gurbi kuwa kaɗan ne. Kai da kake Kano ai kana cikin daula. KEDCO mai rarraba wutar lantarki tana da ofisoshin shiyya da ƙananan tashoshi masu sauke wuta daga 33kV zuwa 11kV a unguwanni, a can ne ake fita gyaran layi kullum, ka gwada can ba sai hedikwata ba. Akwai tashar TCN, kamfanin dakon wuta ta manyan layuka, a Kumbotso. Akwai matatun ruwa na Tamburawa da Challawa, mutane suna ɗauka aikin masu ruwa ne kawai alhali manyan motocin lantarki ne (injinan da wuta ke juyawa, ba motar hawa ba) suke juya famfunan, ga fanel ga janareta. Sannan ka shiga Sharaɗa da Bompai da Challawa ƙafa da ƙafa, kamfanonin roba, na matsar mai, na casar shinkafa, kowanne yanada sashen gyara kuma yawanci hannu bai ishe su ba. In duk wannan bai yiwu ba, kamfanin haɗa sola mai rajista ko babban shagon da ake sake naɗin kwayil na motar lantarki, matuƙar akwai ƙwararre da zai duba ka yasa hannu kuma ofishin SIWES na makarantarku ya amince, ni a wurina yafi ofis mai AC da za'a ajiye ka kana kallon waya. Ɗalibin da ya kwance mota mai fes uku da hannunsa ya ƙirga naɗin ya mayar, yafi ƙarfin raini a intabiyu.

Kuma ka daina barin takarda a get. Zuwa da kai yafi aike, kaje da sassafe cikin shiga mai tsafta, ka gaida maigadi da mutunci ka roƙe shi ya haɗa ka da injiniyan gyara ko mai kula da ma'aikata, in ance baya nan ka tambayi yaushe yake shigowa ka dawo. Masallacin da ke jikin kamfani lokacin azahar ma wuri ne, a nan zaka ga ma'aikatan da kayan aikinsu, ka gaisa ka faɗi buƙatarka a taƙaice. Ka nemi 'yan ajin 500 na sashenku, su suka dawo daga IT bara, sun san inda ake koyarwa da inda ake zaman banza, wasu har lambar ogansu zasu baka. Reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE na garinku shima yana taro, ɗalibi baya rasa wanda zai saurare shi a wurin. Kace baka da kowa a sama, to waɗannan sune mutanenka. Idan ka samu, ka karɓi takardar amincewa a rubuce, ka cike fom ɗin fara aiki ka kai ofishin ITF mafi kusa tun a makonnin farko. Shagon POS kuma ka zauna da yayanka ku tsara, yamma da ƙarshen mako naka, rana ta IT ce.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni mace ce ina karanta injiniyan gine-gine, na samu IT a wani kamfani da yake gina bene a Kaduna, yau wata ɗaya kenan amma wlh ba abin da nakeyi sai zama a kwantena, wani lokacin a bani fotokwafi ko ace in rubuta sunan lebura. In na fita wurin aikin sai foman yace Hajiya koma inuwa rana zata dake ki. Logbuk ɗina duk sati abu ɗaya nake rubutawa har kunya nakeji. Mazan da muka zo tare kuwa ana fita dasu. Ko in canza wuri ne? Daga wata ɗaliba a Kaduna.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah yayi albarka. Kada ki yi saurin canzawa, wurin da ake zuba kankare a bene makaranta ce babba, samun irinsa ba sauƙi. Foman ɗin nan mai yiwuwa a ransa girmama ki yakeyi, amma girmamawar tana cinye miki watanninki, don haka ke zaki nuna masa abin da kika zo nema, kuma ba da rigima ba.

Ki fara da shiga. In kina zuwa da doguwar abaya da takalmi silifa, ko ni ne ba zan barki ki hau kan katakon dekin ba, tsoro zanji. Ki samu takalmin sefti, hular kwano, rigar nan mai ƙyalli, hijabi gajere wanda zaki cusa cikin riga don kada injin kwaɓa kankare ko bakin rodi ya kama shi, sutura ta cika kuma babu abin da yake reto. Ranar da kika shigo haka tun kafin ki buɗe baki an san da gaske kike. Sannan ki daina jira a baki aiki, ki nemi abu ɗaya takamaimai. Kije wurin injiniyan da ke kula da ginin kice ranka ya daɗe ina so a bar min gwajin kankare ya zama aikina. Da wuya ya ƙi, domin aiki ne da kowa yake gudu. Ranar zubi ki riga kowa zuwa, ki tsaya kusa da injin ki ƙirga da idonki kwano nawa na yashi da tsakuwa ake zubawa a kan siminti, in ance 1:2:4, wato siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu, ki duba ko hakan akeyi, ki lura da mai zuba ruwa domin lebura suna son kankare ya saki yayi ruwa-ruwa don yafi sauƙin ɗauka, kuma wannan ƙarin ruwan shi yake kashe ƙarfinsa. Ki ɗauki mazurarin gwaji ki cika shi hawa uku, kowane hawa ki soka sanda sau 25, ki zare a hankali ki auna yadda ya zauna. Ki cika kiyub na milimita 150, ki rubuta kwanan wata a jiki, washegari a kwance a tsoma a ruwa, ki bi motar da zata kai su ɗakin gwaji a fasa a kwana 7 da kwana 28. Sakamakon kwana bakwai yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake nema, in kika ga ya gaza sosai ki kaiwa injiniya da lambobinki a hannu. Daga ranar sunanki ya tashi daga Hajiya ya koma Injiniya.

Kafin zubi ma akwai aiki. Ki ɗauki zane ki hau ki ƙirga rodi, milimita 12 ne ko 16, tazarar da ke tsakani ta dace da abin da aka zana ko an ja ta don a rage ƙarfe, an sa biskit, wato 'yan gutsuren kankare da ake ɗaga rodi dasu, a ƙasa don kankare ya rufe rodin ko an kwantar dashi a kan katako. Masu ɗaurin rodi da kafintoci da birkiloli sun san abubuwan da babu su a littafinku, ki gaishe su da baba da kawu, ki tambaye su me yasa, zaki sha mamakin yadda zasu buɗe miki. Matambayi baya ɓata.

Logbuk kuma ki riƙa rubuta shi kullum kafin ki bar wurin, ba ranar Juma'a ki zauna kina ƙoƙarin tunawa ba. Kada ki rubuta "mun duba aiki", ki rubuta wane fila, hawa na nawa, rodi nawa, me aka samu ba daidai ba kuma ya aka gyara, ki zana da hannu, in an yarda ki ɗauki hoto. Wannan littafin shi zai zama rahotonki, shi zaki kare a gaban malamai, kuma daga cikinsa zaki ciro abin da zaki sa a CV.

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba. In hana ki aikin ya koma wani yana cewa sai kin zo ofishinsa bayan an tashi ko sai kin bashi lokaci kafin yasa miki hannu, wannan ba maganar haƙuri bace, ki sanar da gida da jami'in SIWES na makarantarku nan take, a canza miki wuri. Ki kuma nemi matan ƙungiyar APWEN, ƙungiyar mata injiniyoyi ce, sun bi wannan hanyar kafin ke kuma suna jan ƙannensu a jiki.

TAMBAYA: Injiniya wai gaskiya ne ITF tana biyan ɗalibai kuɗin SIWES? Mun gama tun bara bamu ga ko sisi ba. Daga wani ɗalibin ND a Bauchi.

AMSA: Gaskiya ne akwai alawus, gwamnatin tarayya ce ke bayarwa ta hannun ITF, amma ɗan kaɗan ne baya taka kara ya karya kuma yakan yi jinkiri. Abin da ke hannunka shine ka tabbatar sunanka yana cikin jerin da makarantarku ta tura, lambar asusunka daidai take kuma da sunanka, ka miƙa Fom 8 na kammala SIWES da sa hannun inda kayi aiki, sannan ka riƙa leƙa ofishin SIWES. Tunda ND kake, hankalinka yafi kyau ya koma kan IT na shekara ɗaya da zaka yi kafin HND, wancan ne wasu kamfanoni suke ɗan biya da kansu, kuma da yawa daga nan ake riƙe su aiki.

TAMBAYA: Salam. Makarantarmu zata yi taron baje kolin ayyuka wata mai zuwa, ance kamfanoni zasu zo su kafa rumfuna. Ni ajin ƙarshe nake injiniyan sinadarai. Gsky ni mai kunya ce, ban san me zance musu ba, kuma wasu sunce ɓata lokaci ne biro da kalanda kawai ake rabawa ba'a ɗaukar kowa. Inje ko in zauna inyi furojet ɗina? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Kije 'yata. Masu cewa ba'a ɗaukar kowa a wurin sunada ɗan gaskiya, da wuya a baki takardar aiki a ƙarƙashin rumfa. Abin da ake samu shine suna da fuska da labarin da baya fitowa a talla, yaushe zasu buɗe ɗaukar sababbin injiniyoyi, wace irin jarrabawa sukeyi, suna karɓar masu bautar ƙasa ko a'a. Wannan na ƙarshen yanada muhimmanci gare ki, domin in kamfani ya nemi a turo masa ke lokacin hidimar ƙasa kin tsira daga shekara guda ba tare da taɓa aikinki ba.

Ki nemi jerin kamfanonin da zasu zo tun yanzu, ki zaɓi uku ko huɗu da suka shafi karatunki, kada kice sai kin zaga kowace rumfa. Ki karanta a kansu har ki san me suke sarrafawa kuma a ina. In masu siminti ne ki san cewa BUA tana da masana'anta a Kalambaina ta Sakkwato, Dangote a Obajana, akwai kuma ta Ashaka a jihar Gombe, ki tuna yadda ake gasa dutsen farar ƙasa a tanderu ya zama kilinka kafin a niƙa da jifsam. In masu mai da gas ne ki san matatar Dangote ta Lekki an gina ta don tace ganga 650,000 a rana, ki san bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ya bi Kaduna zuwa Kano. Ba don ki yi musu wa'azi da lambobi ba, don tambayarki ta fita daban ne. Mutumin da ya wuni ana tambayarsa "kuna ɗaukar aiki?" in ya samu wadda tace masa sabon injiniya a wurinku wane sashe yake fara zama, ɗakin gwaji ko wurin sarrafawa, zai gyara tsayuwa ya saurare ki.

Maganar kunya, ki shirya jimla uku kawai da turanci, sunanki da abin da kike karantawa, inda kikayi IT da abu ɗaya da kika yi da hannunki a can, sai abin da kike nema. Ki maimaita wa ƙawarki har ya daina yi miki nauyi a baki. Ki fara da rumfar da bata dame ki ba don murya ta saki, sannan ki nufi wadda kike so. Kije da wuri kafin rana tayi su gaji.

CV shafi ɗaya ya isa, ki buga kwafi da yawa a farar takarda ki sa a fayil kada ya yamutse. Ki cire firamare da sunan ƙaramar hukuma da su "ina son karatu da tafiye-tafiye", ki cika wurin da IT da furojet da manhajojin da kika iya da gaske, in Excel ne ko MATLAB ko HYSYS ki faɗi abin da kika taɓa yi dasu. Abin da baki iya ba kada ki sa, za'a iya juyo miki da kwamfuta ace bismillah. Adireshin imel ya zama sunanki ne ba laƙabi ba, lambar waya kuma wadda take shiga. Duk wanda kuka yi magana ki nemi katinsa ko ki rubuta sunansa, a cikin kwana biyu ki tura gajeren saƙon godiya ki tuna masa abin da kuka tattauna, ko ta imel ko ta LinkedIn. Ɗalibai kaɗan ne suke yin wannan, shi yasa ake tuna masu yi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe na gama HND a kanikanci na gama bautar ƙasa, an kirani intabiyu a wani kamfanin abinci sati mai zuwa, wannan shine na farko a rayuwata. Aiki dai na iya shi Alhamdulillah, nayi shekara a masana'anta kuma tun ina yaro nake zuwa garejin kawuna a Panteka, amma matsalata turanci, in na tsorata sai harshena ya sarƙe, kuma ina jin masu digiri za'a fifita. Sannan in aka tambaye ni albashi nawa nakeso me zance? Akwai kuma wani saƙo daban da ya shigo min wai in tura dubu goma na gwajin lafiya kafin a bani ranar intabiyu. Daga wani matashi a Kaduna.

AMSA: Bari in fara da na ƙarshen ƙanena, kada ka tura ko naira ɗaya. Kamfanin gaske baya karɓar kuɗi kafin intabiyu, in ma akwai gwajin lafiya sai bayan an zaɓe ka. Duk saƙon da baka tuna ka nemi aikin ba, ko aka turo daga imel na kyauta ba na kamfani ba, ko akace ka zo wani otal ko wani gida a lungu, ka bincika sosai, kuma ko intabiyun gaske zaka je ka faɗa wa mutanen gida inda ka nufa.

Turanci kuwa, a masana'anta ba mai gabatar da labarai ake nema ba, wanda zai tayar da layi in ya tsaya ƙarfe biyun dare ake nema. Kayi magana a hankali da gajerun jimloli, in baka ji tambaya ba kace a maimaita, ba laifi bane. Harshe yana sarƙewa ne galibi in mutum yana ƙirƙirar amsa a take, to kai kada ka bari ka kai nan. Ka ɗauko logbuk ɗinka na IT ka zaɓi labari uku da ka san su ciki da waje, kowanne ka tsara shi haka, me ya lalace, ya kuka gano, me kai da kanka kayi, me ya biyo baya. Misali famfo yana ƙara yana zafi, kuka kashe kuka kulle wuta, ka taɓa gidan boris kaji ya ɗau zafi, kuka kwance kuka tarar giris ya bushe boris ya ci, kuka canza kuka daidaita shaf ɗin da na motar lantarkin da ke juya shi, ƙara ta ɗauke. Ka faɗe su da turanci da ƙarfi a ɗaki, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, ka sake. Kusan duk tambayar da zasu yi, ko ta matsalar da ka taɓa warwarewa ko ta saɓani da abokin aiki ko ta kuskure, ɗaya daga cikin labaran nan zai amsa ta. In ka rasa kalma ka nemi biro da takarda ka zana, masu intabiyu na ɓangaren fasaha suna son wannan ƙwarai. Garejin kawunka ma ka faɗe shi da alfahari, kada ka ɓoye, wanda ya girma da sifana a hannu daban yake.

Ka koma kan tushe, a nan ake yawan tambaya. Bugu huɗu na inji, me yasa injin dizal baya buƙatar fulogi, bambancin gyaran rigakafi da gyaran bayan lalacewa, me ke sa famfo ya sha iska, me yasa ake tayar da babbar motar lantarki da haɗin waya na sita-delta. Tunda kamfanin abinci ne ka duba tukunyar tururi da kwamfureso da bel mai jan kaya, ka san cewa ba kowane giris ake sawa kusa da abinci ba. Tambayar kariya kuwa ba'a wasa da ita, in aka ce oga yace ka sa hannu ka cire abin da ya maƙale inji yana tafiya don kada aiki ya tsaya, amsar itace a'a sai an kashe an kulle, ka faɗa ba tare da inda-inda ba. In aka tambaye ka abin da baka sani ba kace ban taɓa aiki dashi ba amma ga yadda zan fara bincika, yafi kame-kame sau dubu. Wasu kamfanonin suna fara da jarrabawar kwamfuta ta lissafi da fahimta mai ƙayyadadden lokaci, ka kira ka tambaya ko akwai, in akwai ka yi atisaye da agogo a gabanka.

Albashi, ka bincika tun kafin ranar, ka tambayi wanda yake aiki a irin kamfanin nawa ake ba sabon shiga. In sun tambaya ka fara da cewa kana son jin tsarinsu na wannan matakin, in sun matsa ka faɗi tsakanin kaza da kaza, ka lissafa kuɗin mota da abinci kafin ka yanke na ƙasan. Kada kace "duk abin da kuka bani", kuma ka tambaya ko aikin na dindindin ne ko ta hannun ɗan kwangila, akwai kuɗin ƙarin lokaci da na dare, akwai inshorar lafiya da fansho.

Bambancin HND da digiri yana nan a wasu wurare, ba zan ɓoye maka ba, amma a sashen gyara na masana'anta hannu ake fara dubawa, kuma COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, tana yiwa masu HND rajista a matsayin masana fasahar injiniya, daga baya in ka so kayi difloma ta gaba da digiri ka ƙara matsayi. Ranar intabiyu ka isa da aƙalla rabin awa a hannu, ka tafi da takardunka na asali da kwafi, takardar kammala bautar ƙasa, hoton fasfo, katin shaida, da logbuk ɗin kansa in yana wurinka. Kaftani mai guga da hula ko riga da wando duk sunyi, amma takalmi ya zama rufaffe domin ana iya cewa a zaga da kai cikin masana'anta. In kuma suka mayar da shi ta Zoom, ka cika waya da caji tun dare, ka sayi data a layi biyu, ka samu ɗakin da yara ba zasu shigo ba. Allah ya bada sa'a, ka rubuto mana yadda ta kaya.

Masu tambaya a kan rajistar COREN da shekarun aikin da ake buƙata kafin a nema, saƙonninku sun iso, su zamu ɗauka a fitowa ta gaba in sha Allahu.